Hasumiyar Sundus da Hannun Kakanta

Akwai wani magini a garin Mansura na ƙasar Masar, ana ce masa Usta Sabri. Shekara arba'in yana ɗora bulo kan bulo, da wannan sana'a ya karantar da ɗansa Wa'il har ya zama injiniya mai zana gidaje a kwamfuta.

Ranar sallah ta biyu kulob ɗin unguwa ya sa gasar ginin hasumiya ta iyali. Sundus, 'yar Wa'il mai shekara tara, ta shigo wa kakanta da gudu.

"Kaka, tashi! Gasar lego za mu je, na rubuta sunanka!"

"Mene ne kuma lego?"

Ta ɗora masa guda biyu a tafin hannu. "Bulon wasa ne na roba. Ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a sama, rami a ƙasa, sai ka danna su shige juna."

Ya danna, suka yi ƙas. Ya tuntsire da dariya. "Yo ai bulo ne, 'yar gidana! Ku ce bulo mana!"

A kulob ɗin kuwa, Wa'il ya dubi jallabiyar mahaifinsa da faskararrun hannayensa, ya dubi abokansa masu kwat. Kunya ta kama shi.

"Baba, zauna can ka sha shayi. Wannan aikin lissafi ne."

Tsohon ya ja kujera ya zauna. Sundus ta bi shi da ido.

Dokar gasar ɗaya ce: minti arba'in, sannan alƙali ya girgiza tebur, hasumiyar da ta fi tsawo cikin waɗanda ba su faɗi ba ta ci. Wa'il ya jera ja kan ja, fari kan fari, miƙe sambal. Kyau kam, masha Allah!

"Ɗana, ka sarƙa su," in ji tsohon daga nesa. "Kada gaɓa ta hau kan gaɓa."

"Baba, roba ce, ba siminti ba."

Saura minti goma Sundus ta jingina da tebur. Hasumiyar ta tsage tsaye, ta zube warwas! Wani maƙwabci ya ɗaga murya: "Injiniya, Allah ya sa ba kai ka zana gidana ba!"

Sundus ba ta tsaya kuka ba, ta ruga ta jawo hannun kakanta. Ya yi bisimilla, ya naɗe hannun riga.

"Miƙo, 'yar gidana! Kowane bulo ya hau kan biyu, ya riƙe su. Wa'il, kai ma miƙo!"

Injiniya ya koma lebura. Launi ya cakuɗe, amma gini sai tashi yake, jama'a na tafi suna ƙirga sakan.

Alƙali ya girgiza tebura ɗaya bayan ɗaya. Dogaye uku suka zube, tasu ko gezau!

Da aka kira shugaban iyali ya karɓi kofi, Wa'il ya sunkuya gaban abokansa, ya sumbaci hannun nan mai faso.

"Ga shugaban nan. Ni ma gininsa ne."

Darasi: Kada ka ji kunyar hannun da ya ɗora ka inda kake. Ilimin takarda ba ya tsayuwa shi kaɗai, sai ya hau kan na magabata. Allah ya ba mu ikon girmama iyayenmu. Tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya kira babansa yau.