Ƙadangare da Randar Malam Ilu

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To ku matso. Kai Sallau, cire yatsa daga hanci.

An yi wani mutum, Malam Ilu, mai kula da tashar talabijin a kan dutse. A ɗakin aikinsa akwai wani akwatin ƙarfe, ma'aikata biyu ne a ciki. Na farko Amfilifaya. Hoto yakan zo masa siriri kamar raɗa, shi kuma ya ƙara masa ƙarfi, ya tura shi eriya har ya kai ƙauyuka. Sai dai aikin na sa shi zafi. Na biyu Mai Kula, yana da kunnuwa biyu na waya. Ɗaya manne da jikin Amfilifaya yana jin zafinsa, ɗaya yana sauraron abin da ke fita. In zafi ya yi yawa ya kunna fanka, in murya ta shaƙe ya rage ƙarfi.

Ran nan za a nuna 'yar Malam Ilu, Hansatu, tana karatu a musabaƙa bayan la'asar. Tsohuwarsa Iya Tabawa tana can ƙauye na ƙarshe da hoton ke kaiwa, ta tara maƙwabta tun azahar.

Damina ce, ruwa ya jiƙa Ƙadangare sharkaf. Ya shigo ya kwanta kan Amfilifaya yana shan ɗumi, sai fanka ta hura shi.

Ya ce, "Mai Kula, kashe fanka."

Mai Kula ya ce, "Kunnena ya ce da zafi."

Ya sake roƙo, Mai Kula ya ce, "Kunnena ya ce da zafi."

Ya roƙa na uku har da hawaye, amsar ba ta canza ba.

To, Malam Ilu yana da randar ruwan sha a gindin akwatin, sanyi ƙarara. Ɗan nema Ƙadangare ya ciji wayar kunnen da ke jin zafi, ya ɓanɓare ta, ya ja ta ya manna a jikin randa.

Mai Kula ya ce, "Ashe an yi sanyi." Ya kashe fanka.

Malam Ilu na idar da salla wayarsa ta yi ƙara. Iya ce.

"Ilu, hoto ya farfashe gida-gida, ya tsaya cak. Ga mutane cike da tsakar gida."

Kun san hoton zamani, ba ya dushewa a hankali, ko ya zo garau ko ya watse. Malam Ilu ya duba allon akwatin, allo ya ce sanyi. Ya dafa akwati, ya janye hannu ba shiri.

Ya ce, "Mai Kula, me ke nan?"

"Malam, kunne ɗaya na cewa sanyi, ɗaya na jin Amfilifaya ya shaƙe. Ban san mai gaskiya ba, shi ya sa na rage ƙarfi rabi kada ya ƙone."

"Rabi ba ya kaiwa ƙauyenmu."

"In ya ƙone, ko gindin dutse ba zai kai ba."

Malam Ilu ya durƙusa ya bi waya da yatsa. Ya bi, ya bi, ya bi, sai ga shi a gindin randarsa. Ya mai da kunnen mazauninsa, ya ɗaure tamau.

Nan take fanka ta tashi fuuu. Ƙadangare yana barci, kansa har ya gasu ya yi ja. Iska ta wurga shi waje, fanka ta guntule masa wutsiya.

Amfilifaya ya huce, Mai Kula ya riƙa ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan. Malam Ilu na tsaye riƙe da waya a kunne, ba ya jin komai sai numfashin tsohuwa.

Can ta ce, "Ga ta nan, Ilu. Yanzu ta zauna. Yi shiru in ji jikata."

Malam Ilu ya ce alhamdulillahi, ya ɗebi ruwan randar ya shanye moɗa guda. Sannan ya ɗauke randar ya kai ta bakin ƙofa, nesa da akwati.

Shi ya sa har gobe kan ƙadangare ja ne, kuma in kun tambaye shi ko da zafi, sai ya yi ta gyaɗa kai. Ku kuma, in abu biyu sun saɓa muku, ku tsaya ku bincika kafin ku yarda da mai daɗin ji.

Ƙurunƙus, kan jan ƙadangare. Sallau, ɗauki tabarmarka.