Awalu da Gidan da Ba na Kakansa Ba

Alhaji Awalu ɗan kasuwa ne a Abijan, amma a Zongon Parakou aka haife shi. Yana da kirki da sakin hannu, sai dai yana jin kunyar asalinsa. Kakansa Hassoumi mai korar jakuna ne a ayarin fataken goro na Djougou. Shi kuwa Awalu ya gaya wa 'ya'yansa, Hamida da Adnan, cewa kakan nan madugu ne mai gidan soro.

Da aka yi hutun makaranta, yaran suka matsa sai an kai su ƙasar kakanninsu. Suka sauka a Parakou. Hamida ba ta barin komai ya wuce ta. Ta tambayi dalilin da ya sa masu zemijan, wato 'yan acaɓa, ke sa riga iri ɗaya, ta tsaya ta ga yadda matan Fulani ke yin cukun da ake kira wagashi, ta sa aka karanta mata sunayen unguwanni har da wadda ake kira Albarika.

Daga nan suka nufi Djougou. Goggo Memuna, 'yar Hassoumi da ta rage a raye, ta ji labarin zuwansu, ta sa aka kirɓa sakwara tun da hantsi. Awalu bai nufi gidanta ba. Ya sa direba ya tsaya a ƙofar wani tsohon gida mai babban zaure.

Ya ce, "Ga gidan kakanku. Ku ɗauki hoto mu wuce."

Hamida ta shafa ƙofar katakon, ta ce, "Baba, a ina ake sauke goron? Bari in leƙa."

Kafin ya hana ta, ta yi sallama. Mai gidan, wani dattijo mai suna Malam Abdoulrahim, ya fito ya tarbe su, ya tambayi daga inda suke.

Hamida ta ce, "Mu jikokin Madugu Hassoumi ne, mai wannan gida."

Dattijon ya ce, "Hassoumi mai jakuna? Allah ya jiƙansa. Mahaifina bai taɓa tafiya Gwanja ba tare da shi ba. Amma gidansa yana bayan masallaci, 'yata. Memuna tana ciki."

Yaran suka dubi ubansu. Awalu ya dubi ƙasa.

Kafin su isa bayan masallaci, labari ya riga su. Goggo Memuna ta rungume yaran, ta zuba musu abinci da hannunta. Bayan sun ci, ta dogara sandarta ta zagaya da su. Ta nuna musu tsamiyar da ake ɗaure jakuna, da wata tsohuwar ƙararrawa da ake rataya wa jakin gaba. Hamida ta kaɗa ta, ta ce, "Goggo, da gaske da ƙafa yake zuwa Gwanja?"

"Da ƙafa, ya dawo da ƙafa. Ku shigo ɗakinsa ku ji sauran."

Awalu ya tashi zai bi su. Tsohuwar ta tare ƙofa da sandarta.

Ya ce, "Goggo, ki yi haƙuri."

Ta ce, "Na haƙura, Awalu. Amma nan ɗakin mai jakuna ne. Kai jikan madugu ne, naku gidan yana can."

Ta saki labule. Awalu ya koma kan tabarma a tsakar gida. Yana jin 'ya'yansa suna dariya a ciki, tana ba su labarin ranar da kakansa ya ƙetare kogi da jaki a kafaɗa. Shi bai taɓa jin labarin ba, domin bai taɓa tambaya ba. Har aka kira la'asar ba wanda ya leƙo ya ce ya shigo.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada mutum ya ji kunyar sana'ar da ta ciyar da iyayensa, kada kuma ya ara wa 'ya'yansa asalin da ba nasu ba. Yara suna tambaya, kuma wata rana za su tambayi wanda ya sani. Wanda ya ɓoye kakanninsa don neman girma zai rasa girman, ya kuma ɓata wa 'yan uwan da suke jiransa da zuciya ɗaya.