Manomin da Ke Kiran Zabinsa a Dajin Maharba

Akwai wani mutum, manomi, wanda gidansa yake bakin wani babban daji. Dajin nan ba na kowa ba ne, kowa ma yana shiga: masu itace, masu neman zuma, da maharba da bindigoginsu na toka.

Mutumin yana da zabi waɗanda ya rena tun suna ƴan tsaki. Shi da kansa ya sa wa kaza ƙwansu ta ƙyanƙyashe, shi yake haƙo musu gara da sassafe, yana ba su tsaki a tafin hannunsa. Yana da wani fito da yake yi musu. Da sun ji, ko suna can ƙarshen gona, sai su sheƙo a guje har suna ture juna.

Wata shekara bayan girbi, wutar daji ta biyo ciyawa ta ci dangarsa da akurkin zabin. Zabin suka firgita, suka tashi suka faɗa daji. Manomin ya gina sabon akurki, ya fi na da girma, amma babu mai kwana a ciki. Kowace yamma yakan tsaya a bakinsa da ƙwaryar dawa a hannu, yana kallon inda rana take faɗuwa bisa itatuwa, har matarsa ta ce, “Maigida, tuwo ya huce.”

To, maharban dajin nan sun iya kwaikwayon kukan zabuwa. Sukan ɓuya a sarƙaƙiya, su watsa hatsi, su yi ta kira. Duk wadda ta amsa, ƙarar bindiga za ta biyo baya. Da haka zabin suka koyi cewa bayan kowane kira akwai mutuwa.

Da manomin ya gano inda suke kiwo, sai ya yi musu fiton nan nasa. Suka ɗaga kai gaba ɗaya, suka tsaya cik. Ya ga sun tuna. Amma babban zabon ya yi kukan gargaɗi, suka watse cikin ciyawa. Ya koma gida, ƙwaryarsa cike kamar yadda ya fito da ita.

Wani maharbi da ya gan shi ya ji tausayinsa, ya ce, “Baba, kana wahalar da kanka. Waɗannan sun zama na daji. Bari in ɗana maka tarko, ko in harbo maka su, ko miya ce a sha.”

Manomin ya ce, “Ɗana, ba nama nake nema ba. Ina so su dawo da ƙafafunsu.”

Daga ranar ya riƙa zuwa da hantsi, ya zauna a gindin wata kaɗanya, a fili inda za su gan shi sarai, hannunsa ba sanda. Ya yi fito a hankali, ya jira. Rani ya yi tsanani, ƙudan zuma suka dame shi, masu wucewa da itace suna yi masa dariya. Wani lokaci yakan ji ƙarar bindiga daga nesa, sai ya sunkuyar da kai, bai san wacce ce a cikin nasa ba.

Ana nan, rannan sai wata zabuwa ta fito daga ciyawa tana ɗingishi, harsashi ya taɓa mata ƙafa. Ta matso, ta tsaya, ta ja da baya, ta sāke matsowa. Da ya so, da ya cafke ta nan take, amma bai motsa ba. Ta ci dawa a tafinsa, hawaye na zubo masa. Da ya miƙe zai tafi, ta bi shi a baya har gida.

Matarsa ta yi guɗa, ta ce, “Kai, Allah mun gode! Yanzu ka huta ke nan.”

Ya ɗaure wa zabuwar ƙafa, ya ce, “Na ga kawunan sauran a bakin ciyawa, suna kallonmu.” Da gari ya waye, ya sāke cika ƙwarya ya fita.

Ma’anar wannan misali ita ce: manomin shi ne Ubangiji, zabin kuwa mu ne, dajin kuma duniyan nan ce. Waɗansunmu wata masifa ce ta kore mu daga gidan Allah. A can muka ji muryoyi masu daɗi da suka kira mu, muka amsa, muka ji ciwo. Yanzu ko muryar Uba muka ji, sai mu gudu, ko da yake mun gane ta.

Ƴan’uwana, mai neman ranka ɓuya yake yi. Yesu kuwa a fili ya tsaya, har bisa gicciye, ya buɗe hannuwansa. Ba zai kama ka ƙarfi da yaji ba. Kai da ka daɗe rabonka da addu’a, ke da kike jin kunyar raunin da kika samo, ku zo haka nan da ɗingishinku. Yau ma ya fito, yana zaune inda za ku gan shi, yana kira.