Gurbi Ɗaya a Takardar Malama Hansatu

Ku gyara zama, ku ɗan riƙe gardamarku tukuna. Na san halinku, ba a gama magana kun fara musu. To yau akwai inda za ku yi ta, amma sai na kai ƙarshe.

A wani ƙauye da ake kira Dokan Marke an yi wata malamar firamare, Malama Hansatu, mai koyar da kimiyya da fasaha daga aji huɗu zuwa shida. Makarantar ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, kai, allon ma sai an goga masa baƙin tsohon batir kafin alli ya fito. Amma ita ba ta taɓa naɗe hannu tana jiran a kawo mata kayan aiki ba. Kullum da safe za ka gan ta da kwando a ka, cike da tarkacen da kowa ya yar: kwalabe, guntayen kyandir, gwangwanin madara, karan gwanda, mataccen agogo. Da su take nuna wa yara abin da littafi ya faɗa, su gani da idonsu, su taɓa da hannunsu. Na ga malamai da yawa a rayuwata, amma ban ga irinta ba.

Mahaifinta, Baba Nomau, shi ne mahaƙin rijiyar yankin nan duka. Shekara arba'in yana shiga ƙasa yana fitowa. Yana ji da 'yarsa ƙwarai, sai dai karatun nata wasan kwalba yake ce masa, ita kuwa ta yi dariya ta wuce.

Ana nan sai takarda ta zo daga birni. Wata makarantar kimiyya ta kwana ta ware wa kowace firamare gurbin ɗalibi ɗaya. Wanda aka rubuta sunansa zai tafi ya yi karatu har inda ƙwaƙwalwarsa ta kai shi. Sauran kuwa, a Dokan Marke aji shida ne ƙarshen hanya, daga nan sai gona ko sana'ar gida. Ranar Alhamis hedimasta ya miƙa mata takardar ya ce, "Malama, ke kika san 'ya'yanki. Ki rubuta suna ɗaya. Litinin da safe zan kai ta birni."

Nan fa ta shiga uku, don ɗalibai uku gare ta da suka yi wa sauran fintinkau, kuma sun yi kunnen doki a jarrabawa. Akwai Haladu, ɗan mai shayin bakin tasha, shiru-shiru, ba ya ɗaga ido ya kalli babba, amma abin da ya gani sau ɗaya ya zauna masa ke nan. Akwai Lurwanu, ɗan maƙeri, wanda rubutunsa sai ka yi da gaske kafin ka karanta, amma ba shi mataccen rediyo ka ga aiki. Sai Kubura, jikar ungozoma, mai baki kamar reza, wadda ba ta san tsoro ba, ba ta kuma yarda da magana sai ta gwada. Malama ta kwana biyu tana juya takardar nan, ta kasa sa alƙalami.

Ranar Asabar 'yan aji shida suka zo bita. A ranar ce kuma aka sa Baba Nomau ya yashe tsohuwar rijiyar makaranta. Shekara uku tana rufe da kwano tun da aka haƙa fanfon burtsatse, yanzu fanfon ya lalace, dole a koma mata. Rana ce ta kasuwar maƙwabta, maza duk sun tafi, garin daga mata sai yara sai tsofaffi. Baba ya zo da abokin aikinsa Mati. Suka yaye kwanon, ya yi bismilla, ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Amma yana da wata al'ada da kowa ya san shi da ita: da ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai ya kwance igiyar. A wurinsa igiya ta guga ce da 'yan koyo, babban mahaƙi ba ya aiki a ɗaure.

Ya aiko da gugan laka ɗaya. Ya kira na biyu da wata irin murya mai nauyi. Daga nan shiru.

Ihun Mati ne ya fito da Malama da ɗalibanta daga aji. Malama ta leƙa, ta hango mahaifinta can ƙasa a zaune cikin laka, ya jingina da bango, kansa ya langaɓe, yana wani irin nishi. Ta ce, "Baba Mati, ka sauka ka ɗauro shi, don Allah!"

Mati ya ja da baya. Ya ce, "Hansatu, ba zan iya ba. Sai da na ce masa rijiyar da ta daɗe a rufe ta yi masu ita. Mutanen ɓoye ne suka buge shi."

To ku ji abin mamaki. Malamar da ta shekara goma tana koyar da kimiyya, a wannan lokacin ko harafi ɗaya bai rage a kanta ba. Ubanta kawai take gani. Ta ɗaure zaninta tamau, ta cafki igiya, har ta zura ƙafa ɗaya cikin rijiyar. Kuma kada ku yi mata dariya, don da ku ne, da haka za ku yi.

Sai ta ji an riƙe mata hannu gam. Haladu ne, yaron da bai taɓa haɗa ido da ita ba. Ya ce, "Malama, kyandir a cikin kwalba! Ki tsaya, don girman Allah!" Tun suna aji huɗu ta taɓa kunna musu kyandir ta kife kwalba a kansa, wutar ta yi ta ƙanƙancewa har ta mutu, ta ce musu inda wuta ba ta rayuwa mutum ma ba zai rayu ba. Ita ta manta, shi bai manta ba. Ya ruga ɗakin maigadi ya ɗauko fitilar ƙwai, ya kunna, ya ɗaura mata zare ya zura. Kowa ya zuba ido. Fitilar na wuce rabin rijiya wutar ta yi ja, ta lanƙwashe, ta mutu. Ruɓaɓɓen ganye da laka sun cinye iskar kirki, gurɓatacciya ce ta kwanta a ƙasa. Malama ta janye ƙafarta, don ta gane da ta shiga da gawa biyu za a fito da su, wataƙila har da wanda zai bi bayanta.

Amma sanin ciwo bai fito da Baba Nomau ba. Yana can yana nishi, nishin kuma yana raguwa. Kafin fitilar ta gama dawowa sama, Lurwanu ya riga ya tsallake katanga da yara huɗu. Maƙerar ubansa tana bayan makarantar. Sai ga su sun kinkimo zugazugi, irin mai wilin keke da ake juyawa da hannu, wasu kuma na jan mesar ban-ruwa daga lambun maƙwabci. Shi abin da ya tuna daban ne. A aji biyar Malama ta kife kwalba cike da ruwa a cikin daro, ta sa shi ya hura ta karan gwanda, iskar bakinsa ta kori ruwan ta maye gurbinsa. Ya ce a ransa, iskar da ta kori ruwa ai za ta kori iska 'yar'uwarta. Bakin mesar bai yi daidai da na zugazugin ba, ya yanko robar tayar keke ya naɗe ya ɗaure da haƙori da hannu. Suka zura ɗaya bakin har gaban fuskar tsohon. Lurwanu ya kama wilin nan yana juyawa kamar ransa zai fita, tafin hannunsa ya sale, aka ce ya ba wani ya ƙi, don ya ce shi ya san saurin da take so. Haladu ya sake zura fitila, ta mutu. Ya sake, ta ɗan ƙara nisa ta mutu. A karo na uku ta sauka har kusa da gwiwar Baba Nomau, tana ci abinta.

Mati ya leƙa ya daɗe yana kallon wutar nan, kunya ta kama shi. Ya ce, "In dai fitila za ta rayu a can, ni ma zan rayu. Ku ɗaure ni." Ya sauka ya ɗauro abokinsa, mata da yara suka haɗu suka ja, aka fito da shi.

Sai dai an fito da shi ba ya motsi. Leɓunansa sun yi baƙi, ƙirjinsa ba ya ɗagawa. Wani dattijo ya ɗaga hannunsa ya saki, hannun ya faɗi yaraf. Ya girgiza kai ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Mata suka ɗauki salati, wata ta kwance mayafinta ta lulluɓe shi. Malama ta durƙushe tana kuka irin wanda ba ya fita da sauti.

Kun san a garinmu in babba ya ce rai ya yi halinsa, ba mai sake buɗe baki. Kubura ta buɗe. Ta kutsa tsakanin manya, ta yaye mayafin, ana daka mata tsawa ko waiwaye ba ta yi ba. Ta ɗora yatsu biyu a gefen wuyansa. Haka Malama ta koya musu a farkon aji shida: takan sa su zaga fili da gudu, sannan kowa ya laluba wuyan ɗan'uwansa ya ƙirga bugun jini. Kubura ta yi tsit, ta rufe ido, sai ta ɗago ta ce, "Yana bugawa! A hankali, amma yana bugawa. Numfashi ne ya tsaya." Ta sa yatsa ta kwashe lakar bakinsa, ta ɗaga haɓarsa sama. Sannan ta juya ta girgiza malamarta da hannu biyu, abin da ba ɗalibin da ya taɓa yi. "Malama, ki bar kukan nan! Ki toshe hancinsa ki hura masa, ni zan ƙirga miki." Malama ta hura, Kubura na ƙirgawa, yatsunta na kan wuyan tsohon. Dattijon ya ce a daina wahalar da gawa. Kubura ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba gawa ba ce. Malama, sake." Sun daɗe a haka, har wasu sun fara juya baya, sai Baba Nomau ya yi wani tari mai ƙarfi, ya amayar da ruwan laka, ya ja numfashi da kansa.

Aka ɗora shi a amalanke zuwa asibitin garin gaba. Washegari da hantsi ya dawo da ƙafarsa, ya sa aka kira masa yaran nan uku, ya yi ta sa musu albarka har muryarsa ta shaƙe. Ya dubi 'yarsa ya ce, "Hansatu, waɗannan duk 'ya'yana ne yanzu. Kada ki tambaye ni wanda ya fi."

Ita kuwa dole ta tambayi kanta, don takarda na jira. Ta tuna Haladu. Ba don shi ba da ita kanta tana ƙasan rijiya, ba mai hura wa kowa numfashi, kuma ba wanda zai san iska ce matsalar balle a nemi zugazugi. Ta tuna Lurwanu. Ba don shi ba da sanin Haladu ya tsaya a bakin rijiya, suna kallo tsohon ya cika, tun da ba mai iya sauka. Ta tuna Kubura. Ba don ita ba da duk wahalar biyun nan ta tashi a banza, da an wanke mutum da sauran ransa an kai shi makwanci. Ta roƙi hedimasta ko za a ƙara gurbi, ya ce ya riga ya tambaya, an ce ɗaya ne, kuma makarantar da ta rubuta biyu an soke nata.

Litinin da safe hedimasta ya tayar da babur ɗinsa a ƙofar aji yana jira. Yaran uku na zaune a benci ɗaya, Lurwanu da tsumma ɗaure a tafin hannunsa, ba wanda ya ɗago ya dube ta don kada ya ƙara mata nauyi. Ta san duk wanda ta rubuta, biyu za su tsaya a Dokan Marke har abada, kuma kowannensu ta ci bashin ran ubanta a hannunsa. Ta ɗauki alƙalami.

To, ga gardamar taku na dawo muku da ita. Haladu da ya gane, ko Lurwanu da ya ƙera, ko Kubura da ta ƙi yarda: sunan wa ya kamata Malama Hansatu ta rubuta?