Mai Faci Da Sabuwar Fatarsa

Akwai wani mai facin taya da ya yi shekara talatin yana aiki a bakin titi. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya mayar da tiyub cikin taya sai ya sa farcen babban yatsansa ya ɗan ɗaga gefen facin, ya tabbatar ya kama. Aikin da farcensa bai gwada ba, ko na wane ne, ba ya yarda da shi.

Wata rana da hantsi gwangwanin gam ya kife kusa da ƙarfen da yake gasa faci. Wuta ta tashi, ta bi fetur ɗin da ke kan teburin, ta kama rigarsa. Kafin direbobi su kashe ta, ta cinye masa ƙirji da baya da hannun dama, tun daga kafaɗa har bayan yatsu.

A asibiti likita ya yi masa bayani a tsanake, matarsa na tsaye a gefen gado. Fatar da ta rage a jikinsa ba za ta isa a yanko a rufe ciwon ba. Saboda haka za a ɗebi 'yar kaɗan a cinyarsa, a kai ɗakin bincike, a yi rainonta a cikin faranti har ta yaɗu ta zama falle-falle. Aikin mako uku ne, kafin nan kuma za a rufe ciwon da fata ta wucin gadi. Idan sabuwar ta kama bayan hannun da kyau, zai sake riƙe ƙarfe. Idan ba ta kama ba, tabo zai ja yatsun su sandare.

Makonni ukun nan bai sami natsuwa ba. Ya ƙirga allunan silin, ya sake ƙirgawa. Duk wanda ya shigo da farar riga, ko mai shara ne, sai ya tambaye shi ko fatarsa ta girma. Idan ya ji babbar mota ta wuce a titi, sai ya gaya wa matarsa cewa tayar bayanta ba iska.

Daga ƙarshe aka shiga da shi tiyata. Aka shimfiɗa masa fatar, wadda ba ta fi bawon albasa kauri ba, aka naɗe da bandeji. Nas ɗin da ke kula da shi, wata doguwa mai yawan raha, ta ja masa kunne cewa kwana bakwai ba taɓawa, ba leƙawa, domin gocewa kaɗan tana kashe ta.

"'Yar nan, ai faci ne," in ji shi. "Kafin a haife ki nake yin sa."

"To Baba, wannan tayar ba ta da safaya. Ka bar mana ita."

Matarsa ta yi dariya. Shi bai yi ba.

Kwana ɗaya, kwana biyu, ya daure. A na uku ƙaiƙayi ya fara, tunani kuma ya hana shi sakat. Idan ba ta kama ba fa? Idan tana can tana ruɓewa, su kuma suna jiran kwana bakwai? A ganinsa ba wanda zai saki mota ta hau hanya bai duba facinta ba.

A rana ta huɗu da yamma matarsa ta fita wanke kwanuka. Ya dubi ƙofa. Ya sa hannun hagu ya warware bakin bandejin da ke bayan hannunsa na dama, ya zura farcensa a hankali, kamar yadda ya saba, ya ɗaga gefe kaɗan. Bai ji zafi ba. Sai dai wani abu mai laushi ya biyo auduga, ya naɗe kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

Ya mayar da bandejin da sauri, amma ɗaurinsa ba irin nasu ba ne. Nas na shigowa ta gane. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma wannan ya fi masa ciwo. Ta kira likita.

Likita ya duba hannun da kyau. Sannan ya ce fatar da ke kan ƙananan yatsu biyu ta mutu, kuma duk wadda aka yi rainonta an riga an shimfiɗa ta, babu saura. Sai an sake ɗiba, an sake jiran mako uku, kafin nan kuwa tabo zai fara ja.

Matarsa ta zauna a bakin gado, kwanukan na hannunta.

"Baban yara, me ka gani da ka ɗaga?"

"Ta kama," ya ce a hankali. "Wallahi da ta kama."

Da aka yi dashe na biyu, shi da kansa ya roƙi matarsa ta ɗaure masa hannun hagu a ƙarfen gado da ɗankwalinta. Ƙaiƙayin ya dawo, tunanin ma ya dawo. Yakan yi gumi, yakan ciji leɓe, amma bai ce a kwance shi ba har kwana bakwai suka cika.

Ƙirji ya warke, baya ya warke, hannu ya warke. Yatsu uku suna lanƙwasuwa. Biyun nan kuwa sun tsaya a miƙe har yau.

Ya koma bakin titi, yana riƙe ƙarfe da yatsu uku, aikin da yake yi a minti goma yanzu sai ya ci rabin awa. Idan direba ya dubi hannun ya tambaya ko aikin wuta ne, sai ya girgiza kai.

"Abin da wuta ta ci, Allah ya mayar mini. Wannan ni na yi."

Darasi: Ƙwarewarka a sana'arka ba ta ba ka izinin gyara aikin da ba ka sani ba. Idan masani ya ce ka jira, ka jira, domin leƙawar minti ɗaya tana iya ɓata abin da aka yi makonni ana raino. Don Allah ku tura wannan ga duk wanda ke jinya ko yake jinyar wani.