Garin Rage Ƙiba na Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso ku buɗe kunne.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Dorina ce dai ƙiba ta dame ta. In za ta hau gaɓar kogi sai ta huta sau uku, gwiwoyinta na ƙara kamar tsohon ƙyaure. Duk dajin nan ba ta da aminiya kamar Barewa. Tun suna 'yan mata suka ƙulla ƙawance, tsakaninsu babu wadda ta taɓa ce wa 'yar'uwarta a'a.

Wata rana da rana tsaka, lokacin da ko tsuntsu ba ya motsi, Dorina na haki a gaɓa sai ga Gizo ya sauko daga sama a kan zare, da ƙunshi a hannu.

"Sannu, uwar ruwa. Dubi ƙuguna. Wallahi bara na fi ki ƙiba."

"Kai Gizo, ji tsoron Allah!"

"Garin nan ne ya yi min aiki. Ki dama ki sha, ba gudu, ba azumi. Damin gero ɗaya kacal duk wata. Amma yana da sharaɗi: ba ya aiki sosai sai kin kawo mutum uku sun shiga ƙarƙashinki. Su ma kowa ya kawo uku. Kina kwance a ruwa, jiki na zubewa, gero na zuwa."

Dorina ta ce ta yarda. Gizo ya tsuguna ya ɗaura mata wani siririn zare a ƙafa. Zaren da sanyi, kamar hannun gawa. Zaren ya miƙe ta cikin ciyawa har wata tsohuwar kuka mai kogo.

"Wannan fa?"

"Shaidar shiga ce. Ungo uku, ki ɗaura wa naki."

Ta sha gari, ta wuni tana zarya bayan gari. Da safe ta leƙa ruwa ta ga kamar wuyanta ya ɗan faɗa. Murna! Kwana uku abin ya dawo yadda yake.

Ta tafi wajen Gyado. "Ɗan'uwa, tumbin nan naka ya kusa share ƙasa." Gyado ya ji kunya, ya miƙo ƙafa.

Ta tafi wajen Ɓauna. "Yaya, ranar sunan ɗanki wa ya ɗebo miki ruwa?" Ɓauna ta yi mata kara, ta miƙo ƙafa.

Saura ɗaya. Ta je wa Giwa, ta tarar da zare a ƙafarta. Ta je wa Kada, zare. Har Bushiya, zare. Duk inda ta yi sallama, sai mai gida ya riga ta cewa, "Dama ina nemanki, akwai wani gari..."

Sai ta nufi gidan Barewa.

Barewa ta dubi jikinta, ta dubi Dorina. "Ƙawata, ni me zan rage? Kunne?"

"Suna kawai za ki cika min. Ki ɗan riƙa lasa, don Gizo yana duba harshe."

Barewa ta dubi zaren. Ta san abin ba nata ba ne. Amma yaya za ta dubi idon aminiya ta ce a'a? Ta miƙo ƙafa. Da zaren ya taɓa ta sai da ta yi tsuma.

To, yara, daga nan daji ya canza. Ba a gaisuwa, don kowa na tsoron a yi masa talla. Ba a zuwa suna, ba a zuwa jaje. In rana ta take, sai ka ji zarurrukan nan suna kuka cikin ciyawa, ziiiii, kamar sauro a kunne, duk sun nufi kukar nan.

Dorina ta je duba Barewa, ta tarar haƙarƙarinta sun fito. Ta koma, ta tarar ba ta iya tashi. Zuwa na uku ta yi sallama, ba a amsa ba. Ta leƙa. Barewa na kwance, hasken rana na ratsa jikinta kamar tsohon gyale. Zaren ƙafarta ya yi ja, yana bugawa kamar jijiya.

"Ƙawata," in ji Barewa, murya kamar daga rijiya, "kin rame kuwa? In kin rame, ba komai."

Dorina ta dubi kanta. Ko tsoka ɗaya ba ta ragu ba.

Ta bi zare, tana haki, tana hutawa, har gindin kuka. Babu inuwa a wurin, ko da yake ganye ya rufe sama. Ta tura kai cikin kogo. Ga dammunan gero jibge. Ga Gizo a tsakiya, zarurruka sun taru a bakinsa, cikinsa ya kumbura kamar tulu, ƙafafunsa kuwa sun zama tsinke.

"Gizo, kwance min Barewa."

"Sai ta kawo nata ukun."

"A ina? Ba wanda ya rage a dajin nan!"

"To haka abin yake. Na ƙasa shi ake sha."

Sai Dorina ta lura da wani zare a ƙugun Gizo, mai kauri kamar igiyar guga, ya shaƙe shi ya yi sama cikin duhun kogon. Gizo ya ga inda take kallo, ya rage murya.

"Kar ki ɗaga kai. Ni ma kawo ni aka yi."

Can sama wani abu ya motsa. Wata murya ta sauko a hankali, ba ta namiji ba, ba ta mace ba.

"Wa... kika... kawo?"

Dorina ta fita da baya. Ranar ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba. Ta faɗa gidan Barewa ta kama zaren da haƙori. Ta ciza, ya ƙi. Ta sake ciza, ya yanke mata baki har kunne, shi ya sa bakinta ya yi faɗi haka. Ta ciza na uku, ya tsinke, tas! Daga wajen kuka aka ji wata ƙara, duk tsuntsayen daji suka tashi.

Barewa ta rayu. Amma ƙafafunta ba su ƙara cikowa ba har yau. Da ta samu ƙarfin tashi, Dorina ta zo bakin ƙofa ta ce, "Ƙawata, ki yafe min."

"Na yafe," in ji Barewa. Tana faɗa tana janye ƙafarta.

Tun daga ranar, in Barewa ta zo shan ruwa sai ta kurɓa ta ɗaga kai, ta kurɓa ta ɗaga kai, ko ganye ya motsa ta zura da gudu. Dorina kuwa ta koma cikin kogi da ƙibarta cif, ido da hanci kaɗai take fitarwa, tana kallon aminiyarta daga nesa, kunya ta hana ta magana.

Ku ji da kyau, jikokina. Duk maganin da ba zai yi maka aiki ba sai ka jawo ɗan'uwanka ciki, ba magani ba ne, kai ne abincin. Kuma kara tana da iyaka: in masoyi ya zo maka da zare, gara ka ce a'a ya yi fushin kwana biyu.

Kungurus kan kusu. In akwai ƙarya a ciki, a wuyan Gizo take.