Tauraron da ba Mahjub ya zana ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can ƙasar Magrib, tun zamanin da. Mahjub sunansa. Sana'arsa zane a jikin katako: ƙofa, taga, rufin ɗaki. Ya dama shuɗi da ja da kore da gwaiduwar ƙwai, ya yi ta jan furanni da rassa masu murɗewa. Da wannan yake ci da iyalinsa, bai taɓa raina abin da Allah ya ba shi ba.

Wani attajiri ya ba su aikin rufin zaurensa, shi da wani tsoho mai suna Tuhami. Tsohon nan gwani ne, amma bakinsa kaifi! Kullum sai ya ce, "Mahjub, wannan fure ne ko sawun kaza?" Mahjub ya yi murmushi ya ce, "A gyara mini, Baba." Tuhami ya zana babban tauraro a tsakiya, mai tsini goma sha shida. Mahjub ya yi gefe.

To, ku saurara. Ranar da aka gama, Tuhami na gida kwance da zazzaɓi. Alƙalin garin ya zo ganin zauren, ya ɗaga kai, ya daɗe bai sauke ba. Ya ce, "Wa ya yi tauraron nan?" Attajiri ya nuna Mahjub, don shi ne a tsaye. Alƙali ya ce, "Rufin sabon masallacin Juma'a naka ne."

Jama'a, aikin shekara uku ke nan! Babu wanda zai tona. Kuma wa za a danne? Mai gwale shi safe da yamma. Amma Mahjub ya ce, "Allah ya gafarta Malam, gefen ne nawa. Tsakiyar hannun Baba Tuhami ne. In an yarda in kai ku gidansa."

Ya shige gaba ya kai su alƙali har ƙofar tsohon, ya yi musu sallama, ya koma rumfarsa ya ci gaba da fentin wata taga, zuciyarsa wasai.

Alƙali ya ba tsohon aikin. Da Tuhami ya warke, sai ga shi da sandarsa a rumfar Mahjub. Ya ce, "Shekara talatin ban nuna wa kowa yadda ake raba tauraron nan ba. Ɗauko alli, ɗana. Masallacin tare za mu yi." Tare kuwa suka yi shi.

'Yan'uwa, yabon da ba naka ba, kayan wani ne. Kai tela, kai magini, ke da aka yaba miyar da maƙwabciya ta dafa: buɗe baki ka ce, "Wane ne ya yi." Rabonka ba zai wuce ka ba don ka faɗi gaskiya. Allah ya ba mu ikon faɗinta.